AN RUFE ƘOFAR DA TA KAMATA A BUƊE, AN BUƊE WADDA TA KAMATA A RUFE: IKON KOTU A KAN DUKIYA BAYAN MUTUWAR AURE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya tsayar da al'amarin bayinSa a kan adalci, Ya sanya wa kowane haƙƙi iyaka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu yi magana a kanta a wannan wata ita ce: idan aure ya mutu, alƙali ya zauna ya raba gardama a kan dukiya, ya ce wannan na miji ne wannan na mata ne, aka rubuta aka sa hannu, shin kotu tana da ikon ta dawo daga baya ta canza abin da aka yanke? Duk wanda ya saba ratsa harabar kotunan shari'a a garuruwanmu ya san cewa takardar saki ba ta cika kawo ƙarshen rigima ba, sau da yawa ma ita ce mafarinta.

Hali biyu muke gani suna ta maimaituwa. Na farko, mutum ya saki matarsa, an yi shari'a an gama, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya ji labarin ta samu manemi, nan take ya tuna cewa keken ɗinkin da ke hannunta shi ya saya, firjin da take sayar da ƙanƙara da shi aro ya ba ta, filin da ya ba ta kyauta ranar suna ajiya ce. Sai ya nufi wata kotu, a karɓi ƙara, a aika mata da sammaci. Na biyu, mace da 'ya'ya uku a gabanta, an yanke wa ubansu abin da zai riƙa bayarwa duk wata tun shekarun baya, kuɗin ya daina isar ko da abincin mako guda, ta koma kotu tana neman ƙari, sai a ce mata: ai an riga an yanke hukunci, ba a tayar da maganar da ta mutu.

Mu kuwa abin da muke cewa shi ne, an juya al'amarin ne a bai-bai. Mallakar da hukunci ya tabbatar, wadda shari'a ta ce a rufe ƙofarta, ita ake buɗewa kullum. Ciyarwar 'ya'ya, wadda shari'a ta bar ta tana tafiya da zamani, ita aka sa wa kwaɗo. A duka halin biyu kuma mai rauni ne yake kwana a ciki.

AURE BA YA HAƊA DUKIYA

Kafin a yi maganar canza hukunci, wajibi ne a san tushen da hukuncin yake zaune a kai. A shari'ar Musulunci ɗaurin aure ba ya mayar da dukiyar miji da ta mata abu ɗaya. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, abin da ta samu da sana'arta nata ne, kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne. Iyakar abin da mazhabar Imamu Malik ta bai wa miji shi ne ya hana ta kyautar da abin da ya wuce sulusin dukiyarta, wannan ma yana faɗuwa da zarar igiyar aure ta tsinke.

Alƙur'ani mai girma bai bar wannan a dunƙule ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 20 da ta 21, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mijin da zai rabu da matarsa ya karɓi komai daga abin da ya ba ta, komai yawansa. A aya ta 19 Ya hana a ƙuntata wa mace domin a tilasta mata ta saki wani abu daga cikinsa. A Suratul Baƙara, aya ta 237, Ya yanke cewa wadda aka saka kafin tarewa tana da rabin sadakin da aka ambata. Kyauta kuwa, da zarar an bayar an karɓa an riƙe, ta fita daga hannun mai bayarwa. Malamanmu sun keɓe iyaye kaɗai da damar janye kyautar da suka yi wa 'ya'yansu, bisa sharuɗɗa, miji ba ya cikin wannan rangwame. Hasali ma Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta mai komawa ga kyautarsa da kare mai komawa ga amansa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Saboda haka aikin alƙali ranar rabuwa shi ne ya gano mai abu ya miƙa masa abinsa. Idan an yi gardama a kan kayan gida babu shaida, fiƙihunmu ya ce abin da aka san mata da shi a al'ada a bar wa mace bayan ta rantse, abin da aka san maza da shi ko wanda kowa yake amfani da shi a bar wa namiji bayan ya rantse. Da shaida ko da rantsuwa, idan hukunci ya sauka, mallaka ta tabbata. Canjin zuciya ba ya warware ta, talaucin da ya samu ɗayansu daga baya ba ya warware ta, auren da matar ta sake yi ba ya warware ta.

HUKUNCIN ALƘALI BA WASAN YARA BA NE

Malaman Usulu suna da ƙa'ida sananniya cewa ba a rushe ijtihadi da ijtihadi irinsa, kuma hukuncin alƙali yana ɗauke saɓani. Dalilinsu a fili yake. Da za a bar kowane sabon alƙali ya warware na wanda ya gabace shi don kawai ra'ayinsa ya bambanta, da na uku ma ya warware na biyu, da babu wanda zai kwana da natsuwa a kan abin da ya mallaka, da kotu ta zama kasuwar da ba ta tashi.

Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi (R.A.) ya nuna wannan a aikace cikin mas'alar gado da ake kira Mushtaraka. Wata mata ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa na ɗaki ɗaya da kuma shaƙiƙai. A karo na farko ya hukunta cewa shaƙiƙan ba su da komai, domin masu rabo ƙayyadadde sun cinye dukiyar. Da irin wannan mas'ala ta sake zuwa gabansa daga baya, sai fahimtarsa ta canza, ya haɗa shaƙiƙai da 'yan'uwa na ɗaki ɗaya a cikin sulusi. Aka tuna masa hukuncinsa na farko, amma bai aika a kira mutanen farko a sake rabo ba. Ya bar wancan a yadda ya zartar da shi, ya yi aiki da sabuwar fahimta a sabuwar shari'a. To, idan Sarkin Musulmi Umar bai warware hukuncin kansa ba alhali yana ganin na biyun ya fi daidai, ina dalilin alƙalin wata unguwa na warware hukuncin takwaransa na wata unguwa don kawai tsohon miji ya zo da sabon lauya?

Domin kada a cuci kowa da wannan tsauri, malaman Malikiyya suka wajabta i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa, a gaban shaidu, ko yana da sauran hujja, ya kuma ba shi wa'adin kawo ta. Idan wa'adi ya cika ya kasa, aka rubuta gazawarsa, ba a sake sauraron hujjarsa a kan wannan magana. Ibnu Asim, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, ya kawo a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka fi riƙo da shi, abubuwan da aka togace daga wannan rufewa: saki, da nasaba, da waƙafi, da jini, da 'yanta bawa. Mu lura, keken ɗinki da firji da fili ba sa cikinsu.

Masu son jan shari'a sukan fake da wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari (R.A.), inda ya hore shi da kada hukuncin da ya yi a baya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Muna cewa: wanda ya rubuta wasiƙar shi ne ya yi hukuncin Mushtaraka, kuma aikinsa shi ne tafsirin maganarsa. Komawa ga gaskiya wajibi ne inda aka saɓa wa gaskiya a fili. Inda kuwa aka yi ijtihadi bisa ƙa'ida, sabuwar fahimta tana aiki ne a kan abin da zai zo.

ƘOFOFIN DA SHARI'A TA BARI A BUƊE

Kada wani ya fahimci cewa muna cewa hatimin kotu yana halatta haram. A'a. A hadisin Ummu Salama (R.A.) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani ya fi wani iya baki, don haka duk wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa ya sani wuta ya ɗauka. Aya ta 188 ta Suratul Baƙara ma ta ambaci masu kai dukiya gaban mahukunta domin su ci haƙƙin mutane suna sane. Saboda haka akwai wuraren da kotu take da iko, kai wajibi ne ma a kanta, ta koma kan dukiya bayan an gama shari'ar saki. Ga su:

1. Idan hukuncin ya saɓa wa tushen shari'a. Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ƙididdige abubuwa huɗu da ake warware hukunci saboda su: saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Alƙalin da ya umarci matar da mijinta ya saka don ra'ayin kansa, bayan sun tare, ta mayar da sadaki, ya yi karo da ayar Suratun Nisa'i. Irin wannan hukunci ba shi da wata alfarma, rushe shi ake yi.

2. Idan an karɓi kuɗin kul'i ta hanyar cutarwa. Wannan ita ce ƙofar da aka fi jahilta, alhali tana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid da ɗalibai suke karantawa a zaure. Idan mace ta fanshi kanta da dukiya, daga baya ta tabbatar da cewa duka ko zagi ko yunwa ne suka kai ta ga haka, ana mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma yana nan daram bai warware ba. Ku duba hikimar da ke ciki: aure ya mutu mutuwar da babu kome, amma dukiyar ta dawo hannun mai ita. Matan da aka gallaza wa har suka sayar da gado da katifa suka biya, su nawa ne aka taɓa gaya musu suna da wannan haƙƙi?

3. Idan hukuncin ya ginu a kan shaidar zur. Malamanmu sun ce shaidan da ya janye bayan hukunci, ya amsa cewa ƙarya ya yi, shi ne zai biya abin da shaidarsa ta salwantar. Wanda kuma ya ci dukiyar yana sane, hukuncin bai wanke shi a wurin Allah ba, mayarwa ta hau kansa ko kotu ta kira shi ko ba ta kira shi ba.

4. Idan ba a yi i'izari ba, ko aka yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa ba tare da an kiyaye masa hujjarsa ba. Wannan hukunci bai cika ba tun asali.

5. Abin da ba a taɓa yin shari'a a kansa ba. Hukunci yana rufe abin da ya hukunta ne kaɗai. Idan alƙali ya tabbatar da saki bai ce komai ba game da ragowar sadakin da ba a biya ba, ko bashin da miji ya ci a hannun matarsa, ko kuɗin adashinta da aka sayi bulo da kwano da su lokacin ginin gida, to waɗannan haƙƙoƙi suna nan da ransu. Bashi bashi ne, tarayya tarayya ce, saki ba ya cinye su. Mai neman su ba ta nemi a canza hukunci ba, sabuwar ƙara ta kawo, kuma wajibi ne a saurare ta.

Sai dai wannan ƙofa ta biyar ma tana da iyaka, domin akwai hauzi. Wanda yana gari, yana gani ana amfani da gida ko fili a matsayin mallaka, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru shekara 10, ba a sauraron da'awarsa a kan bare, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo. Don haka muna yi wa 'yan'uwa mata nasiha da kada kunya ko kawaici su sa su yi barci a kan haƙƙinsu har lokaci ya ƙure.

CIYARWA BA MALLAKA BA CE

Yanzu mu juyo ga ƙofar da aka rufe bisa zalunci. Ciyar da 'ya'ya, da tufatar da su, da wurin kwanansu, da ladan shayarwa, wajibai ne da suke sabuntuwa da fitowar kowace rana. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora su a kan uba gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa. Aya ta 6 da ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ suka ɗaura su da halin mai bayarwa, mawadaci daidai wadatarsa, matalauci daidai ƙarfinsa. Abin da aka ɗaura da hali kuwa dole ya canza idan hali ya canza. A mazhabarmu renon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, na 'ya mace har ta tare a gidan miji, matuƙar babu abin da ya kayar da wannan haƙƙi. Wane mai hankali ne zai ce adadin da aka yanka wa jariri mai shan nono shi ne zai riƙe shi har ya shiga makarantar sakandare?

Mu ɗauki misali da abin da kowa ya shaida. A shekarar 2019 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama N30,000. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin abinci da na mota da na magani suka yi tashin gwauron zabi, har gwamnati da kanta ta mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000 a 2024. To, a ce an yanke wa uba N10,000 duk wata a 2019 domin 'ya'ya uku. Gwamnati ta yarda albashinsa ya tsufa ta sabunta masa, amma abincin 'ya'yansa an ce hukunci ne ba ya tsufa! Wannan wane irin fiƙihu ne? A wane littafi aka karanto shi?

Adalci kuma kaifi biyu gare shi. Uban da kasuwa ta karye masa, ko aka sallame shi daga aiki, yana da damar ya koma kotu a rage masa daidai ƙarfinsa. Abin da ba shi da dama shi ne ya rage da kansa, ko ya ɗauke gaba ɗaya don ya ji tsohuwar matarsa ta yi aure, kamar dai 'ya'yan sun canza uba.

AMSA GA MASU CEWA A RABA BIYU

Akwai wasu 'yan boko da ƙungiyoyi da suke ganin maganin wannan cuta shi ne a bai wa alƙali ikon ya tara duk abin da ma'aurata suka mallaka ya raba yadda ya ga ya dace, ya kuma sake dubawa duk lokacin da hali ya canza. Muna yarda da su cewa cutar gaskiya ce, kuma mu ne ya kamata mu fara jin kunyarta. Amma maganinsu ba mu karɓe shi ba, saboda dalilai uku.

Na ɗaya, Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda sashe na 72 nata ya bai wa Babbar Kotu ikon tsara dukiyar ma'aurata bisa abin da ta ga ya dace, an yi ta ne domin auren rajista. Ba ta hau kan auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci ba.

Na biyu, takobin da suke so a miƙa wa alƙali ba mace kaɗai zai kare ba. Ranar da aka ce dukiyar ma'aurata ɗaya ce, ranar ce gadon mace da sadakinta da ribar sana'arta za su shiga cikin kaskon rabo. A garin da miji ya fi ta sanin hanyar kotu, ya fi ta kuɗin lauya, wa kuke zaton zai fita da kaso mai tsoka?

Na uku, waɗanda ake kwaikwayo ɗin ma ba su bar ƙofar a buɗe ba. A Ingila, ƙarƙashin dokarsu ta 1973, kuɗin ciyarwa na wata-wata ana iya ƙara shi ko a rage, amma hukuncin mallakar gida ko biyan dunƙulen kuɗi, asalinsa yankewa ɗaya ne. A 1987 kotunsu mafi girma ta wancan lokaci ta yarda a sake duba wani hukunci saboda matar da aka bar wa gida da 'ya'yanta biyu sun mutu makonni kaɗan bayan yanke shi, amma ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: sabon al'amarin ya zama ya rushe tushen hukuncin, ya faru cikin ɗan lokaci, a kawo ƙara da gaggawa, kuma kada a cuci wanda ya sayi dukiyar da kyakkyawar niyya. A 2015 Kotun Ƙolinsu ta buɗe wa mata biyu hanya saboda an tabbatar mazajensu sun ɓoye gaskiyar dukiyarsu. A yawancin jihohin Amurka ma haka abin yake, rabon dukiya ba ya canzuwa, ciyarwa tana canzuwa. Wato bayan doguwar tafiya sun iso inda malamanmu suka tsaya tun ƙarnoni: mallaka a rufe, ciyarwa a buɗe, yaudara kuma ba ta da mafaka.

Wahalar da mace ta sha wajen tara dukiyar gida kuwa, fiƙihun Malikiyya bai rasa abin cewa a kanta ba. Malamin Maroko Ibnu Ardun, a ƙarni na 10 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa matan karkara da suke noma da girbi tare da mazajensu suna da rabo a cikin abin da aka samu. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta tabbatar da cewa kowane ɗaya daga ma'aurata dukiyarsa daban take, sannan ta ba su damar rubuta yarjejeniya a kan abin da za su tara tare, idan babu ita kuma a duba gudummawar kowa bisa hujja. Wannan bincike ne da ya kamata malamanmu su zauna a kansa da idon basira, domin daga cikin gidanmu ya fito.

INDA GYARA YA KAMATA YA FARA

Hanyar gyara kuskuren alƙali sananniya ce, ita ce ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da doka ta ƙayyade: daga kotun shari'a zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da mutuwarsa da renon yara da kyauta da wasiyya da waƙafi da gado, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, har Kotun Ƙoli. Hawa sama ake yi. Abin da muke gani na tsallakawa gefe, a bar kotun da ta yi hukunci a je wata mai daraja ɗaya da ita a sake sabon zubi, wasa ne da shari'a, kuma alƙalin da ya karɓi irin wannan ƙara yana sane ya zama abokin tarayya a cikin zunubin.

Jihohi 12 ne suka faɗaɗa aiki da shari'a tun daga sanarwar Zamfara ta watan Oktoba na 1999. Mun yi murna, mun yi gangami, mun yi kabbara. To, shari'a ba ta tsaya ga haddi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam ne a Kano domin ya koya wa mahukunta yadda ake tsayar da adalci a tsakanin talakawa, kuma da irin wannan ma'auni za a auna mu. Bazawarar da ake ja daga kotu zuwa kotu a kan keken ɗinkinta, ita ce jarrabawar da aka ɗora mana.

Saboda haka muna kira kamar haka:

Ga alƙalai, Allah Ya yi muku jagora: ku rubuta hukuncin rabuwa filla-filla, a jera kaya ɗaya bayan ɗaya, a faɗi na wane ne, a rubuta cewa an yi i'izari, a bai wa kowane ɓangare kwafi. Duk wanda ya kawo ƙarar dukiya a kan tsohuwar matarsa, tambayar farko ita ce: an taɓa yin shari'a a kan wannan? A hukuncin ciyarwa kuma ku rubuta a fili cewa ana iya sake duba adadin idan hali ya canza.

Ga Alƙalan Alƙalai na jihohi da hukumomin kula da harkokin shari'a: a tsare rajistar hukunce-hukunce yadda kotu za ta san abin da 'yar'uwarta ta yanke, a kuma hukunta ma'aikacin da aka samu yana ɓatar da fayil ko yana karɓar na goro domin a tayar da shari'ar da ta mutu.

Ga malamai da masu wa'azi: mun cika mumbari da bayanin haƙƙin miji, lokaci ya yi da za a karantar da babin kul'i da na ciyarwa da na kyauta a makarantun Islamiyya na matan aure, da Hausa, dalla-dalla.

Ga iyaye da waliyyai: ku rubuta kayan ɗaki ranar jere, da shaidu. Mijin da ya ba matarsa fili ko ya karɓi rance a hannunta, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta togace ma'aurata ba.

Ga 'yan'uwanmu maza, musamman mu da muke da'awar bin Sunna: wanda ya saki mace ya sake ta da kyautatawa, ya ba ta mut'a kamar yadda aya ta 241 ta Suratul Baƙara ta kwaɗaitar, ya kawar da kai daga abin da ke hannunta. Gemu da ɗage wando ba za su amfani mutum ba ranar da za a tsayar da shi a kan firjin da ya ƙwace da rantsuwar ƙarya. A wannan kotu babu lauya, babu ɗage zama, babu ɗaukaka ƙara.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya shiryi alƙalanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.